Ba duk mai jin Sifaniyanci a Amurka ne baƙo ba

A ƙananan garuruwan Amurka, idan iyali masu jin Sifaniyanci suka tare a unguwa, maƙwabta kan ɗauka 'yan Meziko ne da suka tsallako iyaka babu takardu. Mu ma mun tsinci zancen a finafinai muna maimaitawa. Mai faɗa ba mugunta yake nufi ba, abin da ya tashi yana ji ke nan.

Tarihi bai goyi bayan zancen ba. Sifaniyawa sun kafa garin St. Augustine na Florida a 1565, sai garin Santa Fe na New Mexico ta yau a 1610, Amurka kuwa ba ta ayyana 'yancinta ba sai 1776. Yankunan da a yau suke jihohin Kaliforniya, Nevada, Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk ƙasar Meziko ce har 1848, lokacin da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta miƙa su ga Amurka. Mazauna can ba su yi ƙaura ba, iyakar ce ta zo ta same su a gidajensu. 'Yan Puerto Rico kuma, tsibirin masu jin Sifaniyanci da ke ƙarƙashin Amurka, 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917.

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna masu asali daga al'ummomin masu jin Sifaniyanci sun haura miliyan 62, kuma kusan biyu bisa uku a Amurka aka haife su. Wasu jikokin ma ko Sifaniyancin ba sa ji.

Mai son tabbatarwa ya nemi taswirar Meziko ta kafin 1848 a intanet, ya duba alƙaluman ƙidayar, ya kuma lura da sunayen Sifaniyanci na biranen Amurka irin Los Angeles da San Antonio. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.