Bakof ɗin babbar manhaja da fatishin na kwamfuta

Bakof ɗin babbar manhaja shi ne a ɗauki kwafin Windows ko Linux ko macOS ɗin da ke kan kwamfuta ɗungurungum, har da direbobinta da saitinta da duk manhajojin da aka loda mata, a ajiye a wani wuri daban, ta yadda in faifan ya mutu ko bayros ya lalata shi ko wani ya yi fomatin bisa kuskure, za a iya mayar da komai yadda yake ba sai an zauna ana sabon instolin tun daga farko ba. Masu gyara sun fi kiran irin wannan kwafin da imej. Ba ɗaya yake da kwafe fayiloli ba. Mutum zai iya jan duk foldodin da ke cikin C, wato ɓangaren faifan da Windows ke zaune, ya zuba su a wani faifai, ya ɗaura faifan a kwamfuta, ta ƙi tashi ƙememe, saboda abubuwan da ke tayar da ita ba a cikin foldodin da ake gani suke ba.

Abin da ke ɓoye a faifai

Fatishin yanki ne da aka yanka a jikin faifai guda, kowane yanki kwamfuta na ɗaukarsa kamar faifai mai zaman kansa. Bayanin inda kowanne ya fara da inda ya ƙare yana cikin wani ɗan jadawali a farkon faifan, kuma in wannan jadawalin ya goge, fayiloli suna nan daram amma kwamfuta ba ta san hanyar zuwa wajensu ba, sai ta nuna maka faifan wayam kamar yanzu aka ciro shi daga kwali.

Tsohon tsarin wannan jadawalin shi ne MBR, wanda ya zo da PC DOS 2.0, babbar manhajar da ta riga Windows, a 1983. Sekta ɗaya ce kacal, wato ɗan gurbin rubutu a jikin faifai, ta farko, mai bayt 512, kuma an raba ta kamar haka: bayt 446 na farko umarnin tayar da kwamfuta ne, 64 da ke biye su ne jadawalin, wato gurbi 4 kowanne bayt 16, sai bayt 2 na ƙarshe da ke ɗauke da alamar 55 AA. Daga nan ne aka samo ƙa'idar nan da ta daɗe tana ba mutane ciwon kai, cewa manyan fatishin ba sa wuce 4 sai dai a mayar da ɗaya ya zama mai ɗauke da wasu a cikinsa. Haka nan MBR ba ya iya lissafin abin da ya wuce kimanin terabayt 2 a faifai mai sekta 512. Kuma kwafi ɗaya ne tak, babu na ko-ta-kwana.

Sabon tsarin, GPT, ya zo ne daga aikin da Intel ta fara wajen ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya shiga cikin tsarin UEFI, wato ƙaramar manhajar da ke jikin madabod mai tayar da kwamfuta, wadda ta gaji BIOS. A Windows yana ɗaukar fatishin har 128, yana ajiye kwafin jadawalinsa na biyu a can ƙarshen faifai, kuma yana da lissafin tantancewa da ke nuna masa in jadawalin ya gurɓace. A irin wannan tsarin akwai wani ƙaramin fatishin mai tsarin fayiloli na FAT32 da ake kira ESP, sau da yawa megabayt 100 ne ko sama da haka kaɗan, ba shi da harafi ba a ganinsa cikin jerin faifai, amma a nan fayilolin tashi suke zaune. Wanda ya ɗauki imej ɗin C kaɗai ya bar ESP, rabin aiki ya yi.

Tarihi

Bakof ya girmi had-dis ɗin kansa. Kwamfutar UNIVAC I tana aiki da kaset na maganaɗisu tun 1951, IBM ta fito da nata a 1952, sai a 1956 had-dis na farko ya bayyana, IBM 350, wanda ke ɗaukar haruffa kusan miliyan 5 a kan faya-fayai 50. Shekaru masu yawa bayan nan kaset ne wurin ajiya saboda ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma har gobe manyan kamfanoni ba su rabu da shi ba.

A duniyar Unix, tsohuwar babbar manhajar da Linux ta yi koyi da ita, akwai wasu tsofaffin kayan aiki biyu da suka ƙi mutuwa. Na farko dd, wanda ake jin ya bayyana wajen 1974, aikinsa kwafe bayt bayan bayt ne ba ruwansa da ko fayil ne ko fili ne, shi ya sa yake iya ɗaukar faifai baki ɗaya har da MBR ɗinsa. Hatsarinsa kuma sananne ne: ana rubuta masa inda zai ɗauko da if, inda zai zuba da of, to in hannu ya zame aka juya su, sai ya kwashi faifan da babu komai ya shimfiɗa a kan mai kayan, ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, ba zai ce uffan ba sai ya gama. Na biyu tar, daga 1979, wanda aka yi shi don tattara fayiloli a kan kaset. Daga baya a 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da rsync, mai tura abin da ya canza kaɗai.

Amma wanda ya kawo imej hannun masu gyaran kwamfuta na yau da kullum shi ne Ghost. Murray Haszard ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Binary Research da ke New Zealand, wajen 1995 ko 1996, Symantec ta saye shi a 1998 ya koma Norton Ghost. Daga fulofi ake tayar da shi a cikin DOS, ya ɗauki faifai ya matse shi cikin fayil ɗaya, kuma hikimarsa ita ce ya fahimci tsarin fayiloli, don haka ba ya wahalar da kansa da kwafe filin da babu komai, sannan yana iya mayar da imej a kan faifan da girmansa ya bambanta da na asali. Abin da ya fi jan hankalin makarantu da ofisoshi kuwa shi ne yadda ake shirya kwamfuta guda a gyara ta tsaf, sannan a watsa imej ɗinta ta netiwok zuwa gomman kwamfutoci lokaci ɗaya. Aikin da da zai ci mako sai a gama shi a yini. Abokin hamayyarsa na lokacin shi ne Drive Image na kamfanin PowerQuest, masu PartitionMagic, su ma Symantec ta haɗiye su a 2003. An daina sayar da Norton Ghost na gida a 2013.

Ghost da Drive Image na farko-farko suna da matsala ɗaya, sai an kashe babbar manhajar tukuna, domin ba a kwafe abin da yake motsi, fayil yana canzawa kana tsakiyar ɗaukarsa sai ka tashi da rabi tsoho rabi sabo. Microsoft ta magance wannan da VSS a zamanin Windows XP da Server 2003, wanda ke daskarar da kamannin faifai a wani ɗan lokaci, manhajar bakof ta riƙa karantawa daga wannan daskararren yayin da mai kwamfuta yake ci gaba da aikinsa. A Linux tsare-tsaren sarrafa faifai irin su LVM da Btrfs suna yin makamancin haka, ZFS ma haka.

Kafin nan System Restore, mai mayar da saitin Windows yadda yake a wata rana ta baya, ya zo da Windows ME a 2000. Apple ta kawo manhajar bakof ɗinta, Time Machine, a 2007 tare da babbar manhajar Mac mai suna Leopard. Clonezilla, wanda Steven Shiau da abokan aikinsa suka yi a wata cibiyar manyan kwamfutoci ta Taiwan, ya fito a kusan wannan lokacin, kyauta ne, kuma shi ya gaji gurbin Ghost a wajen mutane da dama duk da fuskarsa ba ta da fara'a ko kaɗan.

Ire-irensa

Akwai cikakke, mai ɗaukar komai. Akwai na ƙari, mai ɗaukar abin da ya canza tun bakof na ƙarshe kowane iri ne, shi ya fi sauri da ƙarancin cin wuri amma in ɗaya a cikin jerin ya lalace duk na bayansa sun tashi aiki. Sai na bambanci, mai ɗaukar duk abin da ya canza tun cikakken ƙarshe, wajen dawowa guda biyu kawai ake nema.

Kulonin daban ne, faifai ne zuwa faifai kai tsaye ba fayil a tsakani, an fi yin sa in za a koma SSD, sabon nau'in faifai mai sauri.

System Restore kuma, duk da sunansa, bai kai a kira shi bakof ba. A kan faifan da ake tsoron mutuwarsa yake zaune, kuma ba ya taɓa takardu da hotunan mutum.

Dawo da shi

Nan ne ake gane ko imej ɗin na kirki ne. Tunda babbar manhajar ba ta tashi, dole sai da filas ɗin ceto, wanda ya kamata a ce an haɗa shi tun kwamfuta na da lafiya. A tayar da ita daga filas ɗin, a nuna masa inda imej yake, a zaɓi faifan da za a zuba, sannan a jira. Yawancin matsaloli bayan an gama suke fitowa. Imej ɗin da aka ɗauka daga kwamfuta mai UEFI ba zai tashi ba in an bar sabuwar a kan tsohon tsarin BIOS. Clonezilla ba ya son faifan da ya fi na asali ƙanƙanta, sai an fara matse fatishin ɗin kafin a ɗauka. In madabod ta canza, Windows na iya tsayawa da shuɗin allo saboda ba ta da direban da zai karanta faifan. Linux kan nemi fatishin ne da lambar shaidarsa ta UUID da ke rubuce a fstab, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin fatishin, in lambar ta sauya sai ta tsaya a hanya, a nan sai a gyara fayil ɗin a sake dasa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. A Windows bcdboot ne ke sake gina fayilolin tashi. In kuma faifan yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, za a iya tambayarka mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda mutane da yawa ba su ma san suna da shi ba sai ranar.

In jadawalin ne kaɗai ya goge, ba sai an kai ga imej ba, TestDisk na Christophe Grenier yana iya bin faifan ya gano iyakokin fatishin ya sake rubuta su, muddin ba a zuba wani abu a kai ba.

Inda ake ajiyewa

Ƙa'idar 3-2-1 da ake dangantawa da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ta ce kwafi 3, a kan kayan ajiya iri 2, guda 1 a wani wuri nesa. Yanzu ana ƙara cewa ɗaya ya zama a cire yake daga netiwok, saboda bayros masu garkuwa da fayiloli suna bin bakof ɗin su kulle shi tare. Misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yunin 2017, lokacin da bayros ɗin NotPetya ya shafe musu tsari, sai da suka sake loda saba, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, kusan 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10. An ruwaito cewa kwafin rumbun da ke tantance ma'aikatansu guda ɗaya ne ya tsira, a ofishinsu na Gana, shi ma don an ɗauke wuta ne sabar tana kashe lokacin da abin ya auku.

Saɓani

Wasu na ganin imej ya tsufa, gara a ajiye fayiloli kawai a yi sabon instolin in ta ɓaci, tunda imej yana dawowa ne da duk dattin da ke ciki. Wasu sun ce lokacin da ake ɓatawa wajen sake saiti ya fi dattin tsada. Microsoft kanta tun 2017 ta sanya imej ɗin da ke cikin Windows a jerin abubuwan da ta daina bunƙasawa. An kuma daɗe ana gardama kan ko kwamfutocin da aka yi kulonin suna samun matsala don lambar shaidar da Windows ke ba su, wato SID, ɗaya ce, Mark Russinovich ya rubuta a 2009 cewa an zuzuta abin, amma Microsoft ba ta janye sharaɗin amfani da Sysprep, manhajar da ke share wannan lambar kafin a ɗauki imej, ba. A Mac kuwa, tun macOS Big Sur a 2020 da aka rufe fatishin ɗin babbar manhaja da hatimi, yin kulon mai tashi ya yi wuya, hanyar da Apple ta fi so ita ce a sake loda macOS sannan a jawo kayan mutum daga Time Machine.