Satifiket ɗin horo kan tsaron na'urorin sararin samaniya

Satifiket ɗin horo kan tsaron na'urorin sararin samaniya takardar shaida ce da jami'a ko cibiyar horar da ƙwararru ke bai wa wanda ya kammala gajeren kwas kan yadda ake kare taurarin ɗan adam, da tashoshin da ke sarrafa su daga ƙasa, daga masu kutse. Ba digiri ba ne, ba kuma lasisin aiki ba. Galibin masu neman sa ma'aikata ne: injiniyoyin sadarwa, jami'an soja da masu kula da kwamfutocin hukumomi. Kowace cibiya da nata sharuɗɗan, amma akwai waɗanda kusan duka suka haɗu a kansu.

Abin da ya sa aka ware fannin

Tauraron sadarwa irin NigComSat-1R, wanda aka harba wa Najeriya daga ƙasar Sin a Disamban 2011, yana can kilomita 35,786 daga doron ƙasa, kuma an ƙera shi ne don ya yi shekara 15 yana aiki. Waya in ta lalace a Kano, Farm Centre ake kai ta, mai gyara ya kwance ta ya canja abin da ya ƙone. Tauraro kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Kusan duk gyaran da za a yi masa sai ta saƙon rediyo, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarawo ma zai so ya shigo.

Darasin da aka fi kafa misali da shi a waɗannan kwasa-kwasai shi ne na ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukren. An kai hari kan KA-SAT, tsarin intanet ta tauraron ɗan adam na kamfanin Viasat, amma maharan ko kusa da tauraron ba su je ba. Ta wata na'urar VPN (ƙofar da ma'aikata ke bi su shiga tsarin kamfani daga nesa) da ba a saita ta daidai ba suka shiga, suka isa inda ake sarrafa tsarin, suka aika umarnin da ya goge ƙwaƙwalwar dubun-dubatar modem. Abin ya kai har Jamus, inda kamfanin Enercon ya kasa duba injinan samar da lantarki daga iska kusan 5,800 daga nesa. Ɓarakar a ƙasa take, a kan kwamfuta irin wadda kowane ofis ke da ita.

Sharuɗɗan shiga

Yawanci ana neman digiri ko babbar difloma a kimiyyar kwamfuta, injiniyan lantarki, kimiyyar lissafi ko fizis. Wasu cibiyoyin kan karɓi shekarun aiki a madadin takarda. Ana so ɗalibi ya zo da sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya saba da manhajar Linux, ya ɗan iya rubutu da yaren kwamfuta na Python, kuma Turancinsa ya kai ya karanta takardun fasaha. Wanda ya riga ya riƙe shaidar tsaron intanet irin Security+ ko CISSP yana samun sauƙi. CISSP ɗin kanta sai da shekara 5 ta aiki (ko 4 ga mai digiri) ake bayar da ita cikakkiya.

Akwai sharaɗin da ɗan Najeriya ya kamata ya fara dubawa tun kafin ya canja nairarsa zuwa dala, wato na ɗan wace ƙasa ne kai. Amurka tana da dokokin ITAR da EAR masu taƙaita fitar da fasahar tsaro da ta taurari, kuma a ƙarƙashinsu nuna wa baƙo wani bayanin fasaha, ko da a cikin aji ne a can Amurka, daidai yake da fitar da shi waje. Shi ya sa wasu kwasa-kwasan 'yan ƙasa kaɗai suke ɗauka, wasu kuma su gina darussansu kacokan kan bayanan da aka riga aka buɗe wa kowa. Na biyun ne ke buɗe ga ɗan Fagge ko Gwale.

Abin da ake koyarwa

Ana raba tsarin gida huɗu: tauraron kansa, tashar ƙasa, hanyar siginar da ke tsakaninsu, da na'urar mai amfani, kamar dish ɗin da ke kan rufin gida. Ana koyon toshe sigina da siginar bogi, musamman ta GPS, da kulle umarni da mabuɗin sirri bisa ƙa'idojin CCSDS, kwamitin haɗin gwiwar hukumomin sararin samaniya na ƙasashe da aka kafa a 1982. Ana karanta SPD-5, umarnin da Amurka ta fitar kan tsaron na'urorin sararin samaniya a Satumban 2020, da takardun IR 8270 da 8401 na NIST, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, da kundin dabarun maharan taurari na SPARTA wanda Aerospace Corporation ta fitar a 2022. Duk waɗannan kyauta suke a intanet.

Ƙa'idojin zama da kammalawa

Halartar aji, kammala aikin gwaji, cin jarrabawa da makin da cibiya ta yanka, da gama kwas cikin wa'adi: waɗannan ba su bambanta da na sauran kwasa-kwasai ba. Satar amsa korar mutum take jawowa. Wasu shaidun na har abada ne, wasu kuma sai an sabunta, kamar Security+ da ke ƙarewa bayan shekara 3.

Ƙa'idar da ta fi nauyi ita ce ta amana. Ɗalibi yakan sa hannu cewa ba zai gwada abin da ya koya ba sai a kan na'urar kwaikwayo ko tsarin da mai shi ya ba da izini a rubuce. Wannan ba tsanani ba ne. Da 'yar na'urar rediyo mai girman filash da eriyar da aka lanƙwasa da wayar tagulla, yaro zai iya hawa soro ya kamo hoton gajimare daga tauraron hasashen yanayi, kuma wannan sauraro ne kawai. Aika sigina sama wani abu ne dabam: yana buƙatar lasisi, kuma kuskure ɗaya kan iya sa tauraro ya juya wa rana baya, batirinsa ya mutu. Ko gasar Hack-A-Sat da rundunar sojin saman Amurka ta fara a 2020 ba ta bar masu gasa su yi kutse a tauraron da ke sama ba sai da aka harba Moonlighter, wanda aka ƙera don wannan aikin, a 2023. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba izini, kuma riƙe satifiket ba ya wanke mutum a gaban alƙali.

A Najeriya da Kano

Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, da kamfanin tauraron sadarwa na NIGCOMSAT da Hukumar Sararin Samaniya ta Soja su ne manyan wuraren da wannan ilimi ke da amfani kai tsaye, sai kamfanonin sadarwa da bankuna. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma hakan ya ƙara yawan na'urorin da ke magana da sama kai tsaye. Kano tana da nata rabon a lamarin: sararin zirga-zirgar jiragen saman Najeriya da sunanta ake kiran sa a taswirar matuƙa, kuma jiragen da ke sauka a filin Malam Aminu Kano suna amfani da siginar taurari wajen gane hanya. Tushen karatun kuwa ana samun sa a gida, a sassan kwamfuta da injiniya na Jami'ar Bayero da reshen Digital Bridge Institute da ke birnin, kafin mutum ya ɗora kwas na musamman ta intanet.