Meziko Ba a Kudancin Amurka Take Ba

Mutane da yawa, har da masu ilimi, in aka ambaci Meziko sai su sa ta sahu ɗaya da Ajantina da Kolombiya, wai a nahiyar Kudancin Amurka take. Ba abin mamaki ba ne, tunda Sifaniyanci ake yi a can, kamar akasarin ƙasashen kudu.

Amma Meziko a Arewacin Amurka take, tare da Amurka da Kanada. Iyakarta da Amurka kaɗai ta haura kilomita 3,000. Ta kudu maso gabas kuma Gwatamala da Beliz ne maƙwabtanta. Mai tafiya kudu sai ya ratsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya har Panama, sannan ya shiga Kolombiya, inda Kudancin Amurka ta fara. Tafiya ce mai nisa ƙwarai.

A ganina, ruɗanin ya samo asali ne daga kasafin da ake kira Latin Amurka. Wannan kasafi na harshe da tarihin mulkin mallakar Sifen da Fotugal ne. Meziko tana cikinsa tare da akasarin ƙasashen Kudancin Amurka, shi ya sa ake ɗauka nahiyarsu ɗaya.

Tantancewa ba wuya. Buɗe taswirar wayarka, ka nemo siririyar ƙasar nan ta Panama. Daga Panama zuwa arewa maso yamma har Kanada, duk Arewacin Amurka ne. Masu bin ƙwallo su lura da wasannin neman gurbin kofin duniya: a na kofin 2022, Amurka da Kanada na cikin ƙasashen da Meziko ta kara da su.

Don Allah a tura wa ɗalibai da malaman makaranta wannan bayani.