Ba haƙori ne ke sa yara gudawa ba

Da zarar jariri ya fara zawo, sai ka ji an ce ai haƙori ne, zai wuce. Wannan magana ta daɗe, amma ba gaskiya ba ce. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya: wajen wata 6 kariyar da ya samu daga uwa tana raguwa, ga dasashi na ƙaiƙayi, duk abin da ya damƙa sai baki.

Ƙwayoyin cuta ne ke shiga. Ɗauki E. coli, wadda wani likitan yara, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Yawancinta zaune take lafiya a hanjin kowa. Bambancin masu sa cuta da marasa sa cuta yana cikin ƙwayoyin halitta. Nau'in E. coli da ake kira ETEC na ɗauke da wasu 'yan zobba na DNA masu umarnin haɗa guba iri 2, LT da ST, da ke sa hanji tsiyayar da ruwa da gishiri. Abin mamaki ma, ƙwayoyin cutar kan miƙa wa juna waɗannan zobba. Ita kuwa EPEC, wani nau'in na E. coli, manne wa bangon hanji take yi ta lalata shi.

Yaron da idonsa ya faɗa, fitsari ya ragu, ruwan ORS (haɗin gishiri da sukari) da maganin zinc yake buƙata, a kuma garzaya asibiti.