Kiwon lafiya a karkarar jihar Tahoua

Kiwon lafiya a karkarar Tahoua, kamar sauran jihohin Nijar, a kan tsari mai hawa-hawa yake tafiya. A ƙasa akwai ƙaramar likitar ƙauye, sama da ita cibiyar lafiya da aka fi sani da CSI, sai asibitin gunduma irin na Madawa da Birnin Ƙonni. Ciwon da ya gagara a kai shi babban asibitin jiha ko asibitin uwa da ɗa a garin Tahoua, ko kuma Yamai. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana karɓar marasa lafiya har daga Najeriya.

Cututtuka

Lokacin yunwa da lokacin sauro tare suke zuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, ruwa ya kwanta a tafkuna, sai tamowa da zazzaɓin cizon sauro su haɗu a jikin yaro guda. Saboda haka tun 2013 aka fara bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata cikin damina. Sanƙarau da ƙyanda sun fi tashi da rani. A arewa, ƙasar makiyaya, zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Cintabaradan a 2016, ya kama dabbobi da masu kiwonsu.

Manufofin gwamnati

Bayan shirin kiwon lafiya na ƙasashen Afirka da aka amince da shi a Bamako a 1987, Nijar ta koma tsarin da majiyyaci ke biyan wani abu, kwamitin gari ya riƙe asusu, a sayo magani da kuɗin. Zamanin Shugaba Mamadou Tandja aka gina ƙananan likitoci wajen 2,000 a faɗin ƙasa, aka ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, sannan a 2006 aka mai da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. An ga amfaninsa: mutuwar waɗannan yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Sai dai kyautar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ƙa'idar ita ce likita ta yi aikin, ta aika da takardun kuɗi, baitulmali ya biya ta daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru. Asusun CSI ya bushe, ɗakin magani ya zama fayau, uwar da aka ce mata kyauta ne sai a miƙa mata takarda ta je ta saya. Wadda ba ta da kuɗi kan koma wajen mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ko wajen boka. Wannan, fiye da rashin gini, shi ne raunin manufar. A 2024 hukumomin mulkin soja suka rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati, suka mai da haihuwa kyauta, matakin da shi ma nasararsa ta rataya a kan biyan cibiyoyin a kan kari.

Nisa

Kusan rabin 'yan Nijar suna zaune fiye da kilomita 5 daga cibiyar lafiya. A yankin Adar na jihar Tahoua hanyoyin duwatsu ne da ƙoramu masu yanke ƙauye da damina, kuma mai naƙuda a amalanke ko babur ake ɗaukarta. Mazan yankin sun yi suna da tafiya biɗa zuwa Kodebuwa, Libiya da Najeriya, don haka sau da yawa mai ba da izini da kuɗin mota ba ya gida, sai an same shi ta waya. Jinkirin nan na cikin dalilan yoyon fitsari. Ma'aikatan sa kai na ƙauye suna rage gibin: su gwada jinin yaro don gano zazzaɓi, su auna damtsensa don gano tamowa, su tura mai tsanani gaba. A Tiliya da Tasara na arewacin jihar kuwa, rashin tsaro ya ƙara wahalar zaunar da ma'aikata da kai allurar rigakafi zuwa rugage.