Horar da 'Yan Mata Matasa Jagoranci da Koyarwa a Wasan Kurket na Unguwa

Horar da 'yan mata matasa su zama jagorori da masu koyarwa a wasan kurket, wato wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda da ake kira cricket da Turanci, tsari ne da ƙungiyoyin wasan ke bi, musamman a Ingila da Wales. Ana ɗaukar 'yan matan sakandare, galibi masu shekara 14 zuwa 18, a koya musu yadda ake tafiyar da atisaye, da alƙalancin wasa, da rubuta maki, da kula da ƙananan yara a fili. Bayan haka sai a haɗa su da yara 'yan firamare ko na kulob ɗin unguwarsu su koyar, babban koci yana tsaye a gefe. Kurket na unguwa shi ne wanda ake bugawa a makarantu da kulob-kulob na ƙauyuka da birane, wanda 'yan sa-kai ke riƙe da shi.

Asali

Mata sun daɗe suna buga kurket a Ingila. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a ranar 26 ga Yuli, 1745, tsakanin matan ƙauyukan Bramley da Hambledon, kusa da Guildford. Gasar cin kofin duniya ta mata kuma an fara ta a 1973, shekara biyu kafin ta maza, bisa ƙoƙarin kyaftin ɗin Ingila Rachael Heyhoe Flint. Duk da haka ragamar wasan ta zauna a hannun maza. Kulob ɗin MCC mai filin Lord's a Landan bai amince ya karɓi mata a matsayin membobi ba sai a 1998, shekarar da ƙungiyar kurket ta mata ta haɗe da hukumar kurket ta Ingila da Wales, wato ECB.

Sauyi a matakin yara ya soma ne a 2005 da aka kafa gidauniyar Chance to Shine, wadda Mervyn King, gwamnan babban bankin Ingila na lokacin, yana cikin waɗanda suka assasa ta. Manufarta ita ce mayar da kurket makarantun gwamnati, inda wasan ya kusa ɓacewa. A 2008 gidauniyar ta ɗauki wasu 'yan wasan tawagar mata ta Ingila aiki, ciki har da kyaftin Charlotte Edwards, suna zagaya makarantu suna koyarwa. A lokacin matan ba su da albashin 'yan wasa, domin sai a 2014 ECB ta ba mutum 18 kwantiragin ƙwararru. Ke nan aikin koyarwa ne ya riƙe gwanayen matan ƙasar kafin wasan kansa ya fara ciyar da su, kuma yara mata da yawa a nan suka fara ganin mace tana horar da wasan.

Da Ingila ta doke Indiya a wasan ƙarshe na kofin duniya a Lord's a watan Yulin 2017, sha'awar wasan ta ƙaru. A shekarar ce ECB ta ƙaddamar da shirin All Stars Cricket na yara 'yan shekara 5 zuwa 8, daga baya ta ƙara Dynamos Cricket na 'yan 8 zuwa 11. A watan Oktoban 2019 ta sanar da ware fam miliyan 20 na shekara biyu don bunƙasa wasan mata. Yara suka yi yawa a filaye, masu koya musu suka yi kaɗan, mata a cikinsu kuwa sai an duba.

Dalilin zaɓar waɗannan shekaru

Lokacin balaga ne 'yan mata suka fi barin wasanni. Binciken da ƙungiyar Women in Sport ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na 'yan matan Birtaniya da suke ɗaukar kansu 'yan wasa a firamare suna janyewa bayan sun shiga sakandare, adadin da ya haura miliyan ɗaya. Daga cikin dalilan da suka bayar akwai tsoron idon mutane, da rashin yarda da kai, da nauyin karatu, da sauye-sauyen jiki. Kurket yana da ƙarin matsala tasa: fararen kaya ne tufafinsa na gargajiya, abin da ke sa yarinya mai jinin al'ada fargaba, kuma a kulob da yawa yarinya ɗaya ko biyu ce a cikin tawagar samari.

Hikimar tsarin tana nan. Yarinyar da ta tabbata ba za ta shiga tawagar gundumarta ba takan ga babu abin da ya rage mata a fili. Idan aka danƙa mata yara goma, aka ce ita ce za ta nuna musu yadda ake riƙe sandar bugu da yadda ake cafe ƙwallo, ta samu dalilin dawowa mako mai zuwa, domin akwai masu jiranta. Su ma ƙananan sun fi sakin jiki da wadda suke gani kamar yayarsu fiye da babban mutum baƙo. Iyaye kuma, waɗanda a hannunsu izini yake, sun fi natsuwa su bar 'yarsu inda suka ga mata a cikin masu kula.

Yadda horon yake

Horon ba ya buƙatar yarinya ta zama gwana. Ana koya mata tsara atisaye na ɗan gajeren lokaci, da raba yara rukuni-rukuni don kada kowa ya daɗe a layi, da yin bayani a taƙaice, da sauƙaƙa wasa ga mai rauni. Ana amfani da ƙwallo mai taushi da sandar roba, saboda haka ba a buƙatar hular kwano da kayan kare ƙafa masu tsada. Wasu shirye-shiryen suna haɗawa da taimakon farko da dokokin kare yara. A shirin Chance to Shine na 'yan matan sakandare, waɗanda aka horar sukan jagoranci ranakun wasa na makarantun firamaren da ke kusa da su. Ƙa'idar kare yara ba ta yarda a bar wadda ba ta kai shekara 18 ba ita kaɗai da yara, don haka matsayinta na mataimakiya ne har sai ta girma ta samu shaidar koyarwa ta ECB.

Musulmi da 'yan asalin Kudancin Asiya

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu buga kurket na nishaɗi a Ingila 'yan asalin Indiya, Pakistan, Bangladesh da maƙwabtansu ne, amma matansu ba su cika fitowa ba. Bayan tsarin da ECB ta fitar a 2018 game da waɗannan al'ummomi, ta haɗa kai da Sport England, hukumar bunƙasa wasanni ta Ingila, aka kafa shirin Dream Big Desi Women don horar da mata 'yan sa-kai 2,000. Abin da ya sa shirin ya karɓu shi ne an bi mutane inda suke. An kai wasan zaurukan masallatai da sauran wuraren ibada da cibiyoyin unguwa, aka kuma tanadi doguwar riga da wando mai walawa da hijabin wasa. Abtaha Maqsood 'yar Scotland, wadda ta buga gasar ƙwararru ta Ingila da Wales mai suna The Hundred a 2021 sanye da hijabi a tawagar Birmingham Phoenix, ta zama abin nuni ga iyayen da ke tambaya ko 'yarsu za ta iya wasan ba tare da ta sauya suturarta ba.

Inda gizo ke saƙa

Rahoton hukuma mai zaman kanta da Cindy Butts ta jagoranta, wanda ya fito a watan Yunin 2023, ya gano cewa wariyar jinsi da ta launin fata da ta aji sun yi katutu a kurket na Ingila da Wales. Wannan ya shafi jagorori matasa kai tsaye. Abu ne mai sauƙi a ba yarinya takardar shaida da riga, amma idan ta koma kulob aka bar ta da kwashe kayan atisaye da raba ruwan sha, horon ya tashi a banza. Dole a samu babba da zai ja ta a jiki, ya bar mata fili ta yi kuskure ta gyara. Ga kuma jarrabawar ƙarshen sakandare da ke faɗowa a tsakiyar kakar wasa, da tafiya jami'a da ke raba yarinya da kulob ɗinta. Hanyar sama dai ta fara buɗewa: a 2021 kulob ɗin gundumar Sussex ya ɗauki tsohuwar 'yar wasan Ingila Sarah Taylor koci a tawagar maza, a 2025 kuma Charlotte Edwards ta zama babbar kocin matan Ingila.

A Afirka

Gidauniyar Cricket Without Boundaries, da aka kafa a 2005, tana horar da malamai da matasa, maza da mata, su koyar da wasan a ƙasashe irin su Kenya, Uganda da Ruwanda, tana haɗawa da wayar da kai kan cutar ƙanjamau. Ruwanda na shirya gasar mata ta Kwibuka tun 2014, kuma Najeriya na cikin masu halarta. A watan Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki 2 a gasar kofin duniya a Malesiya, karonsu na farko a gasar.