Neman diyyar rauni sakamakon sakaci wajen kafa ƙofar gareji

Neman diyyar rauni a kan ƙofar gareji ƙara ce da mutum ke shigarwa idan ƙofar da ake shigar da mota ta cikinta ta faɗo masa, ko ta matse shi, saboda an kafa ta ba bisa ƙa'ida ba. A Najeriya irin wannan ƙara tana ƙarƙashin dokar sakaci ne, wadda aka gada daga Ingila. Tushenta na zamani shi ne shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, inda aka kafa cewa duk mai yin wani aiki wajibi ne ya kiyaye waɗanda hankali zai nuna aikin na iya cutar da su, ko da babu ciniki tsakaninsa da su.

Yadda haɗarin ke aukuwa

A Kaduna akasarin waɗannan ƙofofi masu walda ne ke ƙera su, irin na kasuwar Panteka da shagunan cikin unguwanni. Akwai get mai zamewa a kan dogon ƙarfe, akwai mai ɓangare biyu da ke rataye a hinji, sai kuma ƙofar naɗi da ake turawa sama.

Get mai zamewa shi ya fi haɗari, domin a tsaye yake a kan tayoyi ƙanana, abin da ke riƙe shi daga sama kuwa ɗan madafi ne a jikin ginshiƙi. Idan ba a yi waldar ƙarfen da zai tare shi a ƙarshen dogon ba, turi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fitar da shi daga madafin, sai ya kife gaba ɗaya. Wanda ke turin shi ne ke ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa maigadi ne ko yaron da aka ce ya je ya buɗe wa Baba ya shigo da mota. Ƙarfen tarewar nan bai kai tsawon tafin hannu ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa rashin sa shi ke da ciwo. Sauran kurakuran sun haɗa da dasa hinji a bulo maimakon kankare, da waldar ɗigo-ɗigo da ba a cike ba, wadda tsatsar damina ke cinyewa, da ɗaure sifirin ɗin ƙofar naɗi ba daidai da nauyinta ba.

Ƙofa mai amfani da lantarki tana da nata haɗarin. A Amurka doka ta wajabta tun daga 1993 cewa na'urar buɗe ƙofar gareji ta zo da ƙarin abin kariya da zai hana ƙofar matse mutum. Mai kafawar da ya bar wannan abin kariya a kwali don a rage aiki ya ba mai ƙara hujja mai ƙarfi.

Abin da ake tabbatarwa a kotu

Mai ƙara zai nuna cewa wanda ya yi aikin yana da nauyin kiyayewa, cewa ya gaza abin da gwanin sana'ar zai yi, kuma wannan gazawa ce ta jawo raunin. Akwai ƙa'idar da ke sauƙaƙa masa: ƙofar kirki ba ta faɗuwa haka kawai, don haka kotu na iya buƙatar wanda ake ƙara ya yi bayani. Idan yaron shago ne ya yi kuskuren a bakin aiki, ubangidansa ne ke ɗaukar alhaki. Mai gida ma ba ya tsira idan ya ga get yana rangaji wata da watanni ya ƙyale. Idan kuma wanda ya ji ciwon yana da nasa laifin, ana rage diyyar gwargwadon rabonsa.

Diyyar kashi biyu ce. Kuɗin asibiti da na magani da asarar kwanakin aiki sai an lissafa su dalla-dalla an kawo rasit. Raɗaɗi da nakasa kuwa alƙali ne ke kimantawa. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana iya bin hanyar dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke gudanarwa. Dokar jiha kuma ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce an rasa damar.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar ke bi, hadisin da ke cewa babu cuta babu cutarwa ginshiƙi ne, kuma malamai sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi da raunukan da aka jawo bisa kuskure. Yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci biyan abin da ya ɓata.

Matsalar hujja

Nan ne galibin ƙararrakin ke mutuwa tun ba a kai su ba. Ciniki da baki ake yi, babu takarda. Ranar da abin ya faru hankalin kowa yana asibiti, ko asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko wurin mai ɗori, washegari kuma a kira mai waldar nan ya ɗaga ƙofar ya like, domin gida ba ya kwana a buɗe. Da wannan gyara shaidar ta tafi. Hoton da aka ɗauka da waya tun ƙofar tana ƙasa, wanda ya nuna ƙarshen dogon da wurin da waldar ta ɓalle, da rahoton likita, da shaidar tura kuɗin aikin ta banki, su ne ke riƙe magana.

Yawanci dai a gaban mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar masu walda ake sasantawa, a biya kuɗin magani a yafe wa juna. Sulhu alheri ne, amma akan gaggauta shi kafin a san ko ƙafar yaron za ta koma daidai. Ya kamata iyaye su jira bayanin likita, kuma a rubuta abin da aka amince a kai, har da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan ciwon ya dawo.